Tifa, tirela ko katafila: yadda kwastam ke ba babbar mota lamba, da inda kuɗin ɗan kasuwar Gombe ke zubewa

A garejin manyan motoci na Gombe, ko a Bajoga inda direbobi ke jiran lodin simintin Ashaka, sunayen motoci ba su da yawa. Mai juye yashi tifa ce, mai dogon bodi tirela, mai ɗaukar mai tanka, duk abin da ke ture ƙasa kuma katafila ne, ko da kamfanin Komatsu ne ya ƙera shi. Waɗannan sunaye sun ishe mu ciniki, amma littafin kuɗin fito na kwastam bai san su ba. Abin da ya sani lamba ce mai alƙaluma goma, kuma ita ce ke faɗin nawa za a biya kafin mota ta bar tashar jiragen ruwa ta Apapa, Tin Can ko Onne ta kamo hanyar Jos zuwa Bauchi.

Alƙaluma shida na farko na duniya ne. Sun fito daga tsarin ba kayan ciniki lamba da ake kira HS, wanda Ƙungiyar Kwastam ta Duniya mai hedikwata a Brussels ke kula da shi tun 1988, ana kuma sabunta shi lokaci zuwa lokaci, kamar yadda aka yi a 2017 da 2022. Lambar da mai sayarwa a China ko Jamus ya rubuta da wadda jami'i a Legas zai duba ya kamata su dace a waɗannan shidan. Sauran huɗun na yankinmu ne, daga jadawalin bai-ɗaya na ECOWAS da ya fara aiki a 2015, mai matakai biyar: 0, 5, 10, 20 da 35 cikin ɗari. A cikin huɗun nan ne ake raba sabuwa da tsohuwa, da wadda ta zo a haɗe da wadda ta zo a wargaje don masana'antar haɗa motoci.

Ƙa'idar da komai ya rataya a kanta guda ce: ana ba mota lamba bisa aikin da aka ƙera ta dominsa, da kuma yanayin da take ciki ranar da aka gabatar da ita ga kwastam. Wurin da mai ita zai kai ta aiki ba ya shiga lissafi. Sunan da aka rubuta a takardar ciniki ma ba hujja ba ne idan ƙirar motar ta ƙaryata shi.

Mu fara da tirela, don a nan ne mutane suka fi mamaki. Abin da muke gani a titi a matsayin mota ɗaya, kwastam na ganin kaya biyu ne. Kai, wato mai injin da gidan direba da farantin da bodi ke hawa, yana ƙarƙashin 8701 tare da taraktar noma, domin littafin ya fassara tarakta da cewa abin hawa ne da aka ƙera musamman don ja ko tura wani abu. Kafin 2022 lambar kan tirela 8701.20 ce, yanzu an raba ta gida biyar bisa irin inji, kuma mai dizal zalla, irin DAF da MAN da HOWO da suka cika hanyarmu, 8701.21 ne. Ejan fitar da kaya daga tasha da ya kwafo tsohuwar lamba daga tsohon fayil zai ga na'ura ta ƙi karɓa. Bodi kuwa ba shi da inji, don haka 8716 ne: na tanka 8716.31, sauran masu ɗaukar kaya, har da shimfiɗaɗɗe na siminti da lobed mai ɗaukar katafila, 8716.39. Ko da sun sauko daga jirgi a maƙale da juna, layi biyu za a rubuta, kowane da farashinsa. Shi ya sa takardar ciniki mai farashi ɗaya dunƙule take jawo rigima. Idan mai sayarwa bai raba ba, jami'in ƙima ne zai raba, kuma ba lallai rabonsa ya yi wa mai kaya daɗi ba.

Motar da inji da bodinta ke kan shasi ɗaya, wadda aka yi don ɗaukar kaya, 8704 ce. A nan nauyi ne ke raba gida. Mai dizal da ba ta wuce tan 5 ba 8704.21, daga sama da 5 zuwa 20 8704.22, sama da tan 20 kuma 8704.23. Kuskuren da ake yawan yi shi ne ɗaukar wannan nauyi a matsayin lodin da motar ke ɗauka. Nauyin da ake nufi shi ne jimillar da masana'anta ta ƙayyade: motar kanta, cikakken lodi, direba da tanki cike da mai. Yana nan a buge a farantin ƙarfe da ke jikin ƙofar direba ko kan shasi. A ce tifa mai taya goma tana da nauyin tan 12 babu kaya, an kuma ƙera ta ta ɗauki tan 15. A gareji za a ce mata "mai tan sha biyar", mai ita ya ɗauka tana gidan tsakiya, alhali jimillarta tan 27 ce, gidanta 8704.23. Lodin da direbobinmu ke ɗora mata a zahiri, wanda Allah kaɗai ya san iyakarsa, shi ma ba ya cikin maganar.

A cikin 8704 ɗin akwai wani gida da ya cancanci a daɗe a kansa, domin ya shafi masu aikin dutse da kwal a jihar nan kai tsaye: 8704.10, motocin juye kaya da aka ƙera don aiki a wajen titi. Irin su ne ake gani a manyan ramukan haƙar ma'adinai, kamar Caterpillar 777 ko Volvo A40 mai lanƙwasa a tsakiya. Ɗan kwangilar da ya sami aikin kwasar kwal a Maiganga ko dutsen siminti a Funakaye zai iya cewa tifarsa ba za ta taɓa hawa kwalta ba, daga rami zuwa injin niƙa kawai za ta riƙa zirga-zirga, don haka a ba ta 8704.10. Maganarsa gaskiya ce, amma ba za ta ci ba. Kalmar da ke cikin littafin ita ce "an ƙera", kuma bayanin da ke tare da jadawalin ya lissafa alamomin da ake dubawa. Bodin na ƙarfe ne mai kauri sosai, gabansa ya miƙo ya rufe saman gidan direba don kada dutse ya faɗo masa. Ƙasan bodin ya ɗaga sama ta baya, sau da yawa ba shi da ƙofar baya. Gidan direba wani lokaci rabin faɗin motar ne. Tayoyin na aikin ƙasa ne, birki mai ƙarfi ne fiye da kima, gudun motar kuma taƙaitacce. Tifar HOWO ko Shacman ta yau da kullum, mai sifirin da tayar titi da ƙofar baya, wadda za a iya yi wa lamba ta tafi Yola gobe, ba ta da waɗannan. Gidanta 8704.23 ko da za ta tsufa a cikin rami.

Akwai kuma 8709, lambar da sunanta ke ruɗar masu masana'antu. Ta ƙunshi motocin aiki masu tuƙa kansu, marasa abin ɗaga kaya, irin da ake amfani da su cikin masana'anta, sito, tashar jirgin ruwa ko filin jirgin sama don kai kaya gajeren zango. Wanda zai kafa kamfani a filin masana'antu na Dadin Kowa zai ji kamar duk motar da za ta yi aiki a harabarsa nan ta dosa. Alamominta su ma a ƙira suke. Ba ta dace da titin jama'a ba. Gudunta da kaya yawanci bai wuce kilomita 30 zuwa 35 a awa ba. Tana iya juyawa a fili kusan daidai da tsawonta, kuma galibi ba ta da rufaffen gidan direba, wani lokaci ma dandamali ne kawai da mai tuƙi ke tsayawa a kai. Da zarar an ga cokula biyu masu ɗaga kaya a gabanta, ta bar babi na 87, wato lambobin motoci da ke farawa da 87, gaba ɗaya ta koma 8427, cikin injina.

Wannan iyaka tsakanin babi na 87 na motoci da babi na 84 na injina ita ce mafi tsada a duk sha'anin, domin injinan aiki bisa al'ada suna matakin ƙasa na jadawalin, motoci kuma gwamnati ta fi sa musu ido saboda manufar kare masu haɗa motoci a gida. Abin da muke kira katafila duka 8429 ne: buldoza mai sarƙa 8429.11, gireda 8429.20, rola 8429.40, feloda 8429.51, mai haƙa da ke juya jikinta zagaye guda 8429.52. Waɗannan ba su da rigima. Rigimar tana wurin injin da aka ɗora a kan mota.

Ɗauki kuran mai ɗaga kaya. Siffa uku yake zuwa da ita, kowace da lambarta. Idan cikakkiyar shasin mota ce, da injinta, giyarta, sitiyari da birki a gidan direba, aka ɗora mata kuran wanda shi ne aikinta, ba ta da wurin lodi, to 8705.10 ce. Idan kuma daga ɗakin mai sarrafa kuran ɗin ake tuƙa abin, wato ɗaki ɗaya ne ke ɗagawa yake kuma tafiyar da tayoyi, ya zama inji mai tafiya da kansa, 8426.41, ko da yana iya hawa titi. Siffa ta uku ita ce wadda ta fi yawa a wurinmu: mota mai bodi da ƙaramin kuran a bayan gidan direba, wadda ke loda wa kanta turakun lantarki ko taransifoma ta kai su ƙauye. Mutane na kiranta Hiab. Ita motar ɗaukar kaya ce, kuran ɗin hidimar lodin yake yi, don haka tana nan a 8704. Tambayar da ke warware duk irin wannan: idan an cire abin da aka ɗora, me ya rage, kuma me motar ke samun kuɗi da shi, ɗaukar kaya ko wani aiki daban?

Da wannan tambayar ake raba sauran. Tankar ruwa mai kai ruwa unguwa 8704 ce, amma mai bututun yayyafi da aka ƙera don jiƙa hanya yayin aikin titi 8705 ce. Motar kwasar shara, ko da tana matse sharar, 8704 ce, domin ɗauka take yi ta kai juji; motar share titi 8705.90. Mai ganga mai juya kankare tana da gidanta, 8705.40, mai famfon tura kankare sama 8705.90, motar kashe gobara 8705.30. Motar sanyi mai ɗaukar nama ko kifi tana 8704.

Injin haƙa rijiyar burtsatse ya shafi Gombe sosai, musamman yankunan Akko da Kwami inda ruwa ke da nisa a ƙasa, ake buƙatar manyan injina. Wanda aka kafa a kan shasin mota 8705.20 ne. Mai tafiya a kan sarƙa 8430.41. Kwamfiresar da ake ja a baya kan tayoyinta 8414.40 ce. Sandunan haƙa da kawunan haƙa da aka loda a matsayin ƙari su ma suna da nasu layukan. Mai shigo da irin wannan kaya yakan sayi "saiti" da farashi ɗaya, ya rubuta layi ɗaya a Fom M, takardar shigo da kaya da ake buɗewa ta banki, sai ranar duba kaya jami'i ya ƙirga abubuwa huɗu ko biyar. Haka yake ga taraktar noma da ta zo da garma ko haro a maƙale: bayanin babi na 87 ya ce kayan aikin da ake cirewa a sauya suna zama a gidajensu, wato 8432, ko da an gabatar da su a ɗaure a jikin taraktar. Ita taraktar ana raba ta da ƙarfin inji a kilowat, a kan iyakokin 18, 37, 75 da 130. Mai ƙarfin doki 75, wadda ta fi yawa a gonakinmu, kusan kilowat 56 ce, gidanta 8701.93. Wanda ya ɗauki adadin ƙarfin doki a matsayin na kilowat zai iya tsallakawa gidan da ba nasa ba.

Wata dabara da ta daɗe ita ce shigo da mota babu bodi, a zo a ƙera shi a gida, abin da maƙeranmu suka iya ƙwarai. Dabara ce mai kyau ta fuskar kuɗin jirgi da samar da aiki, amma ba ta sauya lamba yadda ake zato. Akwai 8706 na shasi mai inji, sai dai bayani na 3 na babin ya ce shasin da ke da gidan direba ba ya shiga nan, yana komawa 8702 zuwa 8704. Shasi da inji da kai, ko babu bodi, mota ce a idon kwastam.

Mai kama da wannan, amma mafi haɗari, ita ce wargaza mota a cusa ta kwantena a rubuta "kayan gyara". Ƙa'ida ta 2(a) ta fassarar jadawalin ta rufe wannan ƙofa da daɗewa: abin da bai cika ba amma yana da ainihin siffar cikakke, ko cikakke da aka gabatar a kwance, ana ba shi lambar cikakken. Idan aka buɗe kwantena aka ga kai, inji, giyabos, aksil da shasi mai lamba ɗaya, mota aka gani. Rangwamen da ake yi wa motocin da ke zuwa a wargaje na masana'antun da gwamnati ta amince da su ne, ta hannun hukumar NADDC mai kula da masana'antar motoci, irin aikin da kamfanin Steyr ya yi a Bauchi a zamaninsa yana haɗa manyan motoci da taraktoci. Ɗan kasuwa ba ya samunsa don kawai ya kwance ƙusoshi. Ko kayan gyara na gaskiya ma ba duka ke 8708 ba. Injin dizal na mota 8408.20 ne, batir 8507.10, sabuwar tayar babbar mota 4011.20, fulta ta mai 8421.23, kik 8511. Galibin tsofaffin tayoyi kuwa suna jerin haramtattun kaya, kuma ’yan ƙwarori da aka cusa don cike gurbi a kwantena sun isa su riƙe kayan duka.

Me bambancin lamba ke jawowa a aljihu? Dokar Kuɗi ta 2020, wadda ta fara aiki a Janairun 2021, ta sauko da kuɗin fiton taraktoci na 8701 daga 35 zuwa 5 cikin ɗari, na motocin ɗaukar kaya na 8704 daga 35 zuwa 10. Adadin yana motsi da takardun manufar kuɗi da Ma'aikatar Kuɗi ta Tarayya ke fitarwa, kuma akwai ƙarin haraji da ake ɗora wa wasu layuka, don haka layin alƙaluma goma na ranar ne abin dubawa. Amma a ɗauki misali don a ga girman abin. Kaya ne da ƙimarsu, haɗe da kuɗin jirgi da inshora, ta kai naira miliyan 100. A kan 5 cikin ɗari fito miliyan 5 ne, a kan 10 miliyan 10. Harajin VAT na 7.5 cikin ɗari kuma a kan jimillar ƙima da fito ake lissafa shi, don haka shi ma yana tashi daga miliyan 7.875 zuwa 8.25. Tazarar ta haura miliyan 5.3 a mota ɗaya, tun ba a sa ƙananan kuɗaɗen da ke bin fito ba. Mai motoci goma ya ninka da kansa. Canjin dala da kwastam ke amfani da shi ranar shigar da takarda shi ma yana iya motsa jimillar, amma wannan ba a hannun mai kaya yake ba. Lamba ce ke hannunsa.

Lokacin gyara lamba shi ne kafin kuɗi su bar banki. Ana sa ta ne tun a Fom M da ake buɗewa ta banki da takardar farashi ta farko, daga nan ta wuce cikin PAAR, rahoton da kwastam ke fitarwa kafin kaya su iso tun Disambar 2013, sannan ta shiga takardar bayyana kaya. Kuskuren da ya shiga a matakin farko yana bin kayan har bakin ƙofa. Idan aka gano shi wurin duba kaya, sai a fitar da takardar neman cikon kuɗi, wadda ejan-ejan ke kira DN, kuma kafin a daidaita, kuɗin ajiya na tasha da na kamfanin jirgi suna ƙirguwa kullum. Abin da ya kamata a karɓa daga mai sayarwa tun ana ciniki: takardar bayanin ƙira ta masana'anta, hoton farantin nauyi, lambar shasi mai harufa da alƙaluma 17, shekarar ƙira, ƙarfin inji, da hotuna ta kowane gefe har da cikin gidan direba. A tabbatar kuma sitiyari na hagu ne, domin Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama tun 1972 kuma dokar hanya ba ta yarda da yi wa mai sitiyarin dama rajista ba. Lambar da mai sayarwa ya rubuta a ɗauke ta a matsayin shawara. Shi ya zaɓe ta ne don fitarwa daga ƙasarsa, alƙalumansa na bayan shida ba namu ba ne, kuma alhakin abin da aka bayyana yana kan mai shigowa da ejansa.

Ga kayan da ke kan iyaka, irin kuran mai ɗaki ɗaya ko motar rami da ba a saba gani ba, akwai hanyar da ’yan kasuwarmu ba su cika bi ba. A 2024 hukumar kwastam ta ƙaddamar da tsarin yanke hukunci tun kafin shigo da kaya, ƙarƙashin sabuwar dokarta ta 2023. Mutum ya miƙa bayanin motar, a ba shi lamba a rubuce, ya yi lissafinsa a kanta kafin ya sa hannu a kwangila. Ga motar da kuɗinta ya kai na gidaje da yawa a Tumfure, ’yan makonnin jira ba asara ba ne. Ɗan kwangilar da zai shigo da inji don aiki ɗaya ya mayar, irin masu hidimar haƙar mai a Kolmani, yana iya neman izinin shigowa na wucin gadi da jinginar banki, amma ko a nan sai an sa lamba daidai, domin a kanta ake auna jinginar.

Fitar mota daga tasha bai rufe fayil ba. Hedikwatar shiyya ta D ta kwastam a Bauchi take, da rundunar sintirinta, kuma motar da za ta zo Gombe daga Legas ta gabansu za ta wuce. Suna iya buga lambar shasi su ga abin da aka bayyana da abin da aka biya. Tifar titi mai takardar motar rami, ko cikakkiyar mota mai takardar kayan gyara, a nan take kwana. Akwai kuma binciken bayan fitar kaya, wanda ke iya waiwayar takardun kamfani bayan an daɗe da mantawa. Wannan ya shafi har wanda bai taɓa zuwa Apapa ba, wato mai sayen tsohuwar tifa ko kan tirela a hannun dila a Kano ko Legas. Kafin ya biya, ya karɓi takardar bayyana kaya da shaidar biyan fito, ya dubi lambar shasin da ke ciki harafi bayan harafi da wadda ke buge a jikin ƙarfen, ya dubi ko lambar jadawalin ta yi daidai da irin motar da ke gabansa, sannan ya kai takardun ofishin kwastam na yankin Bauchi da Gombe a tantance masa su.